Shiga Gana Daban, Zama Daban

  Na yi muku alkawarin yau za mu yi maganar ajiyar masara da farashin kaka, to ku yi mini afuwa, wani abu ya faru a ƙofar gidana da ya sa dole na ɗage waccan maganar.

Ran Laraba bayan isha'i wani yaro ya yi sallama da ni a nan Yendi. Ɗan aminina ne na Madawa ta Nijar, mun daɗe muna cinikin albasa da mahaifinsa. Shekararsa uku da shigowa ta bodar Kulungugu. Da farko a Bawku ya zauna, yana karɓar lodin mahaifinsa yana turawa Kumasi. Da rikicin Bawku ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, dokar hana fita ta hana kasuwa sakat, sai ya kwaso matarsa ya dawo nan kusa da mu. Ina ganin yadda ya durƙusa na san ba lafiya.

"Baba, na shiga uku."

"Subhanallahi. Mutuwa aka yi?"

"A'a Baba. Fasfona ne ya tafi, da na iyalina, da kuɗi sidi 6,000."

Ashe wani mutum ne ya haɗu da shi a tashar mota, mai tsabta, mai daɗin baki, ya ce masa yana da hanya a Ankara, babban birni, cikin mako biyu zai kawo masa takardar zaman dindindin shi da matarsa. Yaro ya ɗauki fasfo biyu da ribar albasar rani ya miƙa. Yau wata guda ke nan wayar mutumin a kashe. Matarsa kuma ga ta da ciki wata bakwai.

Na ce masa, "Ɗana, kafin ka nemi ta dindindin, kana da ta zaman shekara?" Ya ce a'a, ai shi ɗan ECOWAS ne, ba ya bukata. Na ce, "To in ba ka bukatar ƙaramar, me ya kai ka sayen babbar?" Ya yi shiru. Ban ga laifinsa sosai ba, don abin da ya faɗa shi ne abin da rabin mutanen zango za su faɗa in an tambaye su.

A idon doka, duk wanda ke cikin Gana ɗaya ne daga cikin uku: ko baƙo, ko mazauni, ko ɗan ƙasa. Kowanne da takardarsa, kowanne da kuɗinsa, kuma ba a tsallake ɗaya a faɗa ɗaya da daɗin baki. Akasarin asarar da muke yi, daga rashin sanin matsayinmu take farawa. Wani baƙo ne yana zaton ya zama ɗan gari don ya daɗe. Wani kuma ɗan ƙasa ne yana biyan kuɗin baƙunta, kamar yadda ni kaina na yi shekara da shekaru, zan zo kan wannan a gaba.

Abin da ya sami mahaifina

Ba a littafi na karanta illar zama babu takarda ba, a gidanmu na tashi na tarar da ita. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya baro Katsina yana saurayi ya biyo fataken goro ya sauka Salaga. A lokacin Salaga ta riga ta wuce ganiyarta, tun yaƙin basasar 1892 da ya watsa manyan attajirai da malamai, irin su Alhaji Umaru da ya koma Kete-Krachi. Amma hanya ba ta mutu ba, ana bi ta Yeji a gangara Kumasi. Da Najeriya da nan duk Ingilishi ne ke mulki, kuɗi ma iri ɗaya ake kashewa, babu wanda ya taɓa ce masa ina fasfo. Ya buɗe shagon yadi, ya gina gida, ya auri mahaifiyata a nan Salaga, aka haifi yayyena uku.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba da sanarwa: duk baƙon da ba shi da takardar zama, an ba shi kwana 14, ko ya samo ta ko ya bar ƙasa. Kwana 14 fa. Mutum sama da 100,000 suka kama hanya, da Yarabawa, da Hausawa, da Zabarmawa, da Mosawa, har da waɗanda a nan aka haife su ba su san wata ƙasa ba. Mahaifina ya sayar da gidansa a kuɗin da bai kai na kwanon rufinsa ba. Suka hau bayan lori ta nan Yendi, suka ratsa Togo da Dahomey. Shi ya sa ni aka haife ni a Katsina a 1971. Har ya rasu bai sake taka Salaga ba. Yakan ce mana, "Babu rijiyar da ban sani ba a garin nan, amma ranar da aka ce kawo takarda, ko ɗaya ba ni da ita."

Kada wani ya ce halin mutanen Gana ne. Ina ɗan shekara 12, a Janairun 1983, gwamnatin Shagari ta yi irin wannan a Najeriya, aka kori 'yan Gana wajen miliyan guda. Da idona na ga malamin da ke koya mana lissafi yana ɗaure kayansa a buhu. Duk ƙasar da tattalin arzikinta ya matse, baƙo take fara waiwaya. Ko a watan Mayun 2025 jami'an shige da fice sun kwashe mutum sama da 2,000 a titunan Ankara, akasarinsu 'yan Nijar masu bara, aka riƙa mayar da su gida. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Matakin baƙo

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ita ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Abin da ake nema a boda shi ne fasfo mai rai ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Sai a buga maka hatimi. Ka buɗe fasfonka nan take ka duba kwana nawa aka rubuta, don abin da aka rubuta shi ne naka, ba abin da ka ji a tasha ba. In kwanakin za su ƙare ba ka gama abin da ya kawo ka ba, ana zuwa ofis a nemi ƙari kafin su ƙare. In ka bari suka wuce, akwai tara, kuma da yawan watannin da ka zarce ake lissafa ta.

Na san yadda muke yi. Tsakanin Bawku da Sankase, ko tsakanin Tatale da Togo, hanyoyin babur sun fi a ƙirga. Mutum zai ce me zai kai ni layi a Pulmakom ko Kulungugu, ga yaro zai tsallakar da ni ta gona da sidi kaɗan? To wanda ya shigo ta gona, a takarda bai shigo ba. Ranar da zai nemi izinin zama, abu na farko da za a duba shi ne hatimin shigowarsa. Babu hatimi, babu mafari.

'Yan uwanmu na Nijar da Burkina da Mali kuma akwai ƙarin abin lura. Ƙasashen uku sun fita daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu, a bar su su yi zirga-zirga babu biza har sai an sanar da wani abu daban. Wannan sassauci ne, kuma abin da aka ba ka da sassauci ana iya janye shi da sanarwar rediyo guda. Wanda ya san ya zo zama ne, yanzu ne lokacin gyara takardunsa, tun ƙofa tana buɗe.

Matakin mazauni

Duk baƙon da zamansa a Gana ya kai kwana 90 a cikin shekara, doka ta ce ya yi katin shaida na baƙi. Hukumar da ke yin Ghana Card ita ke yin sa, amma nasu daban ne. An daɗe ana biyan dala 120 a karon farko, dala 60 kuma a sabunta shi duk shekara, kuma irin waɗannan kuɗaɗe ana taɓa su lokaci zuwa lokaci. Mutane na ƙorafin tsadarsa, ni ma na yi. Sai dai tun 1 ga Yuli 2022 babban bankin ƙasa ya ce da katin shaida kaɗai za a yi hulɗa da banki, layin waya ma da shi ake rajista. Shi ya sa za ka ga ɗan kasuwa mai juya dubban sidi, amma layin momo ɗinsa da sunan yaron shagonsa yake. Ranar da suka saɓa, ko yaron ya rasu, wa zai fito masa da kuɗinsa?

Katin nan fa ba shi ne izinin zama ba, tsani ne kawai. Izinin zama hukumar shige da fice ke ba da shi a cikin fasfo, bisa dokar shige da fice ta shekarar 2000, mai lamba 573. Dokar ta ce karon farko ba zai wuce shekara huɗu ba, amma a aikace yawanci shekara guda ake bayarwa, kana sabuntawa. Za a nemi wasiƙar nema, da fasfo mai sauran rai, da hotuna, da katin baƙi, da gwajin lafiya. Sannan za a nemi dalilin zamanka a rubuce: in aiki ne takardar wurin aiki, in kasuwanci ne rajistar kasuwancin da shaidar biyan haraji, in karatu ne takardar makaranta, in aure ne takardar aure. Mutumin Yendi ya fara tambaya a Tamale, na Bawku a Bolgatanga, na Salaga kuwa tun 2019 yankinsu ya koma Savannah, hedikwatarsu Damongo.

A nan ina so iyaye mata su saurara da kyau. Matar da aka auro daga Maraɗi ko Zariya aka kawo nan, zamanta a jingine yake da na mijinta, kuma abin da zai haɗa su a ofis shi ne takardar aure. Mu kuwa mun saba a ɗaura aure a zaure, a raba goro, a watse. A wurin Allah ya ɗauru, amma ma'aikaci ba ya ganin goro a fayil. Dokar auren Musulmi ta nan ƙasar, wadda take tun zamanin Turawa, ta ce a yi wa aure rajista cikin mako guda da ɗaurawa. Wanda aka ɗaura a can gida, a taho da takardarsa daga can. Na ga matar da mijinta ya rasu a hatsarin mota, shekararta 15 a ɗakinsa, da 'ya'ya biyar, amma ba ta da ko ƙyallen takarda da ke cewa ita matarsa ce. Kuma maigida, fasfon matarka ba naka ba ne. Ka bar ta ta san inda yake, ta san ranar da zai mutu.

Zaman dindindin

Wannan ita ce takardar da aka yaudari yaron nan da ita. Ga abin da dokar ta gindaya. Sai ka zauna a Gana wata 12 a jere kafin ranar da ka nema. A cikin shekara bakwai da suka gabaci waɗannan watanni kuma, jimillar zamanka ta kai shekara biyar. Sai 'yan ƙasa biyu masu matsayi, irin lauya ko babban ma'aikacin gwamnati, sun shaide ka a rubuce cewa kai mutumin kirki ne. Ba a taɓa ɗaure ka wata 12 ko fiye ba. An gamsu kana da abin da za ka amfani ƙasa da shi, kuma da niyyar zama ka zo. Sannan, kuma nan ne da yawa ke faɗuwa, ranar da ka nema kana riƙe da izinin zama mai rai. Wanda ya auri 'yar ƙasa, ko wadda ta auri ɗan ƙasa, an rage musu: wata 12 a jere, da shekara biyu kafin su. Takardar kuma ba ta fita sai da amincewar ministan cikin gida.

Ka ga ke nan aƙalla shekara shida ake magana ga wanda ba aure ya kawo shi ba, kuma shekarun da za ka iya nunawa a fasfo, ba waɗanda maƙwabta suka sani ba. Yaya wani zai kawo maka wannan daga tasha cikin mako biyu? Wanda ya samu ta halal, ya huta da sabuntawa duk shekara, yana shiga ƙasa babu biza, yana aiki ko sana'arsa ba sai ya nemi izinin aiki ba. Amma akwai tarko guda da ya shafe mu fatake: in ka bar Gana fiye da wata 12 a jere, matsayin ya faɗi, sai ka sake nema a mayar maka. Mai zuwa gida jinyar tsoho, ko mai tafiya Makka ya zarce neman kuɗi, ya riƙe wannan lissafi.

Maganar kuɗi

Kuɗin izinin zama ba jami'i ne ke yanka shi da ka ba. Majalisar dokoki ce ke amincewa da jerin kuɗaɗen ofisoshin gwamnati, kuma ana sabunta jerin. Na ɗan ECOWAS bai kai na mutumin Sin ko Lebanon ba, na matar aure da ɗalibi kuma ba ɗaya ba ne da na mai kamfani. Saboda haka ka je da ƙafarka, ka ce a nuna maka a rubuce nawa ne na irinka, ka biya inda aka ce a biya, ka karɓi rasit mai sunanka. Rasit ɗin nan ka adana shi kamar takardar fili. Ka ɗauki hoton kowane shafi na fasfonka a waya, ka tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye. Fasfo kuwa ba a ba kowa shi sai a kan teburin ofis.

Ni shawarata, a sa kuɗin takardu cikin lissafin jari tun farkon shekara, kamar kuɗin hayar shago da na lodi. Mun iya ware kuɗin sallah, mun iya ware na biki, har adashi muke yi dominsu. Me zai hana 'yan zango goma su yi adashin takarda, duk wata mutum ɗaya ya je ya gyara nasa? Abin da muke rabawa a shingayen hanya don a kau da kai, in ka tara na shekara, wallahi sau da yawa ya fi na ofis.

Wani abin kuma da ba a faɗa wa sabon zuwa: izinin zama ba lasisin kasuwa ba ne. Dokar zuba jari ta 2013, mai lamba 865, ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a kasuwa, da talla, da ƙananan tireda. Baƙon da ke son harkar saye da sayarwa, dokar ta 2013 ta ce ya kawo jarin dala miliyan 1, ya ɗauki 'yan ƙasa aƙalla 20 aiki. A kan wannan ne ƙungiyar 'yan kasuwar Gana, GUTA, ta riƙa rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020. An daɗe ana maganar gyara dokar, kuma a nan arewa ba a cika matsawa ba, don mun cakuɗu da aure da maƙwabtaka. Amma rashin matsawa ba shi ne rashin doka ba. Kafin ka zuba dukiyarka a shago da sunan wani, ku je wurin lauya a rubuta wane ne mai me.

Wataƙila kai ɗan ƙasa ne ba ka sani ba

Yanzu ga nawa labarin. Na dawo ƙasar nan a 1996. Shekarun farko duk wata uku sai na hau mota zuwa Tatale, na tsallaka, na sha shayi a Togo, na dawo a buga mini sabon hatimi. Da na gaji, na yi izinin zama, ina biya duk shekara. Wata rana wani lauya da ke sayen masara a wurina ya ji ina ƙorafi, ya ce, "Alhaji, mahaifiyarka a ina aka haife ta?" Na ce Salaga. "Ita kuma tata uwar?" Na ce Salaga, Bagwanjiya ce ma. Ya yi dariya ya ce, "To kuɗin me kake biya?"

Ashe dokar zama ɗan ƙasa ta 2000, mai lamba 591, ta ce wanda aka haifa a Gana kafin 6 ga Maris 1957, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa a nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne. Mahaifiyata ke nan. Ni kuma da aka haifa a 1971, ko da a waje ne, tunda uwata 'yar ƙasa ce, ni ma ɗan ƙasa ne. Ga waɗanda aka haifa daga 7 ga Janairu 1993 zuwa yau, ya isa a ce ɗaya daga iyaye ko kakanni ɗan ƙasa ne. Gana kuma ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Na tafi Salaga, kawuna ya fito da tsofaffin takardu, ya yi rantsuwa a kaina. Ranar da na karɓi takardata na tuna mahaifiyata a bayan lori a 1969, tana barin ƙasar da babu mai ikon korar ta daga cikinta. Ba ta sani ba, mahaifina ma bai sani ba.

Amma a kula, haihuwa a Gana kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa. Jaririn da matar yaron nan za ta haifa a Yendi ɗan Nijar ne, tunda uwa da uba da kakanni duk na can ne. Duk da haka a yi masa takardar haihuwa, kyauta ce in bai wuce wata 12 ba, sannan a kai sunansa ofishin jakadancin ƙasarsu, kada ya tashi babu nan babu can. Kuma kada wanda ya ari uwa ko kaka don ya sami Ghana Card. Laifi ne, kuma wanda ya rantse maka shi ma ya shiga ciki. Wanda ya daɗe yana son zama ɗan ƙasa, akwai ƙofar nema ta halal, cikin sharuɗɗanta har da jin wani harshe na ƙasar. Mu da muka shekara 20 a Yendi ba mu iya gaisuwa da Dagbanci ba, wannan ya rage namu.

Abin da ke ba ni mamaki, samarinmu sun haddace kuɗin cacar bizar Amurka: dala 330 a ofishin jakadanci ranar ganawa, da wata dala 235 da aka sa tun Afrilun 2024 ta buga katin zama, ban da kuɗin likita. Sun san an cire 'yan Najeriya tun zagayen 2015. Sun san ko can in ka samu katin ka yi shekara a waje, kana iya rasa shi. Amma ka tambayi ɗayansu ranar da hatimin fasfonsa ya mutu a ƙasar da yake kwana yake tashi, sai ya hau sosa ƙeya.

Yaron Madawa dai washegari na raka shi wurin 'yan sanda muka ba da rahoton ɓatan fasfo. Na kira mahaifinsa na faɗa masa gaskiya, ya yi faɗansa ya huce. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zai tafi Ankara ofishin jakadancinsu ya fara neman sabon fasfo, daga nan mu je shige da fice ya faɗi gaskiyar shekarun da ya zarce, ya biya abin da aka yanka masa, ya fara daga matakin farko. Shekara ukun da ya yi a baya, da wuya su shiga lissafi. Da zai tafi ya ce, "Baba, da na sani da na fara zuwa wurinka." Na ce, "Ni ma sai da na yi shekara 11 ina biyan abin da ba a bi na ba kafin na yi tambaya."

Saboda haka 'yan uwa, yau da dare bayan an ci tuwo, maigida ya sa a ɗauko jakar takardu. A baje su a tabarma, nasa, da na uwargida, da na amarya, da na kowane yaro. A duba wanne ya mutu, wanne ya kusa, wane ne ba shi da komai. In akwai tsohuwa a gidan, a tambaye ta inda aka haife ta da inda aka haifi iyayenta, a rubuta tun tana raye. Sarakunan zango da limamai kuma, don Allah a riƙa tuna wa jama'a rajistar aure da ta haihuwa a wurin ɗaurin aure da suna.

Allah ya tsare mu a hanya, ya sa mu gama da iyalanmu lafiya, ya zaunar da Bawku lafiya. Mako mai zuwa da yardar Allah sai maganar masara. Wassalamu alaikum.